Rai, Hankali da Ƙwaƙwalwa: Darussa Daga Musun da Ya Ƙi Ƙarewa

Akwai wani musu da ba ya tsufa a Zariya. Ana yin sa a teburin mai shayi a Samaru, ana yin sa a zaurukan cikin birni bayan an rufe littafi, ana yin sa a motar da ke ɗaukar ɗaliban likitanci zuwa Shika. Wani ya ce mutum ai ƙwaƙwalwa ce kawai, in ta tsaya shi ke nan. Wani ya ce subhanallahi, to ina ka baro rai? Murya ta ɗaga, shayi ya huce, a watse kowa yana ganin ya kayar da ɗan'uwansa. Abin da karatun falsafar hankali ya fara koya mini shi ne, galibin masu wannan musu ba a kan abu ɗaya suke magana ba, ko da kuwa kalma ɗaya ce a bakinsu.

Dubi yadda muke magana. In an ce rai ya yi halinsa, mutuwa ake nufi. In an ce raina ya ɓaci, fushi ne. Hankalina ya tashi tsoro ne ko damuwa, amma yaro ya yi hankali natsuwa ce da sanin ya kamata. Ciwon zuciya na likita ne, zuciyata ta ba ni kuwa babu ruwan likita a ciki. Ga kurwa, wadda ake cewa maye yana kamawa, ga hayyaci, wanda mutum yake fita daga cikinsa ya dawo. Ba Hausa kaɗai ke da wannan cakuɗa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe babin abubuwan mamakin zuciya na Ihya'u da warware kalmomi huɗu: ƙalbu, ruhu, nafsu da aƙalu. Ya nuna kowace tana da ma'ana biyu, ɗaya ta jiki ko ta ɗabi'a, ɗaya ta wannan abu mai latifi da ke sani a cikin mutum, kuma ya ce yawan kurakurai daga jahiltar ma'anonin nan suke tasowa. Wanda ya tsallake wannan aiki ya faɗa muhawara, gardamar kurame zai yi.

Don haka a wannan rubutu zan raba abu uku. Akwai farkawa, wato mutum ba barci yake ba, ba suma ya yi ba. Akwai amsawa, wato labari ya shiga, mutum ya yi aiki da shi, ya iya faɗin abin da ya gani. Sai na uku, wanda zan kira ji na ciki: yadda abu yake ga mai jin sa. Misalin da ya fi zaunar da shi shi ne attaruhu. An san sinadarin da ke sa shi yaji, sunansa kafsaisin. An san ƙofar da yake taɓawa a jikin jijiya, ana kiranta TRPV1, kuma ita ce ke buɗewa idan zafi ya haura kimanin digiri 43. Shi ya sa harshe yake jin kamar ya ƙone alhali miyar ta huce. David Julius da abokan aikinsa suka gano ƙofar a 1997, ya kuma sami kyautar Nobel a 2021. Ana iya bin saƙon daga harshe har cikin ƙwaƙwalwa, mataki bayan mataki, har a bayyana dalilin gumi da hawaye da neman ruwa. Tambayar da ta rage ita ce: me ya sa duk wannan aiki yake zuwa tare da raɗaɗi? Me ya hana a yi gumin, a nemi ruwan, ba tare da wani ya ji komai ba? Masanin falsafa David Chalmers ya kira wannan matsala mai wuya a 1995, ya ware ta daga sauran da ya kira masu sauƙi. Sauƙin nasu na suna ne kawai, abin da yake nufi shi ne an san irin binciken da zai warware su. A kan na ukun nan ake ainihin rigima. Farkawa da amsawa, likitoci suna auna su kullum.

Kayan aikin da ya fi yi mini amfani a wannan fage ba daga Turai ya zo ba, yana cikin littattafan tauhidin da ake karantawa a zaure. Imam Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Hukuncin hankali shi ne wanda ba ya jiran gwaji: abu ko dai wajibi ne, ko korarre, ko mai yiwuwa. Hukuncin al'ada kuwa shi ne ƙulla abu da abu saboda an sha ganin su tare, kamar wuta da ƙuna, ci da ƙoshi. Ba lallai mutum ya bi Ash'ariyya har inda suka kai wajen kore tasirin sababi ba kafin ya amfana da rabon. Amfaninsa shi ne duk da'awar da aka kawo a tambaye ta: ke wane irin hukunci ce, kuma wace hujja ce take iya rushe ki? "Idan wannan sashe na ƙwaƙwalwa ya lalace magana tana ɗaukewa" hukuncin al'ada ne, asibiti ke tabbatar da shi. "Tunani ba zai taɓa zama nama ba" da'awar hukuncin hankali ce, babu na'urar da za ta tabbatar ko ta ƙaryata. "Ana karɓar rai a barci da mutuwa", kamar yadda ya zo a aya ta 42 ta Suratuz Zumar, nassi ne, mazauninsa daban. Mai shayi yana asarar kwastoma ne idan aka ɗauko hujjar gida ɗaya aka je rushe gida na biyu da ita.

Hujjojin masu cewa hankali ya dogara ga ƙwaƙwalwa suna da nauyi, kuma ɗalibin da ya raina su bai yi wa kansa adalci ba. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. A 1861 Paul Broca a birnin Faris ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, ya tarar da lalacewa a gefen hagu ta gaba. Duk gidan da aka taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki sun ga irin wannan: in ɓarin dama ne ya shanye, sau da yawa magana tana tafiya tare da shi, domin ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke riƙe da duka biyun. Kafin nan, a 1848, sandar ƙarfe mai nauyin kusan kilo 6 ta ratsa kan wani ma'aikacin layin dogo a Amurka, Phineas Gage, ta shiga ta ƙasan kuncin hagu ta fita ta tsakar ka. Ya rayu har 1860, kuma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya. Sai dai a yi hattara da labarin Gage, an sa masa gishiri da yawa. Mutumin daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ba a ba wanda ba shi da natsuwa.

Abin da ya fi waɗannan ɗaure kai shi ne ba duk ƙwaƙwalwar ce ke da hannu a ji na ciki ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, mai daidaita tafiya da motsi, ita ke ɗauke da kusan biliyan 69 daga cikin biliyan 86 ɗin nan. Duk da haka an sami mutanen da aka haifa babu ita gaba ɗaya, suna tangaɗi a tafiya, maganarsu tana sarƙewa, amma suna cikin hayyacinsu. Ɗan ƙaramin rauni a tushen ƙwaƙwalwa kuwa, inda ta haɗu da laka, yana iya jefa mutum doguwar suma. Ke nan yawan ƙwayoyi ba shi ne magana ba, yadda aka ƙulla su ne.

Amsar da aka fi ji a Zariya idan an kawo waɗannan hujjoji ita ce ta rediyo. A ce ƙwaƙwalwa akwatin rediyo ce: in ka fasa ta murya ta ɗauke, amma mai karanta labarai yana nan lafiya lau a Kaduna. Misalin yana da daɗin ji, kuma ya yi aiki ɗaya na gaskiya, ya nuna cewa dogaro ba ya nufin abu biyun abu ɗaya ne. Nan ya tsaya. Rediyon da ta lalace tana ƙara ne ko ta yi shiru, ba ta sauya labaran. Ƙwaƙwalwar da ta lalace kuwa tana sauya abin da ke ciki: mai haƙuri ya koma mai faɗa, wani ya kasa gane fuskar matarsa alhali idonsa garau, wani ya ci rabin tuwon da ke gefen dama na kwano ya rantse ya cinye. Sannan tashar rediyo ana iya zuwa a gan ta, igiyar sautinta ana iya kama ta da wata na'urar. A ma'aunin Sanusi, misalin rediyo ya kai matsayin "mai yiwuwa" ne kawai. Tsakanin yiwuwa da aukuwa akwai tafiya.

Masu cewa hankali wani abu ne daban da jiki suna da tsohuwar hujja, kuma mafi kyawun sigarta ta Ibn Sina ce, wanda ya rasu a 1037. Ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, yana shawagi a sarari, an rufe masa gani, gaɓoɓinsa a ware ba mai taɓa wata, ko iska ba ya ji. Shin zai tabbatar da cewa shi akwai shi? Ibn Sina ya ce zai tabbatar, alhali bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. Abin da aka tabbatar kuwa daban yake da abin da ba a tabbatar ba. Rene Dekart na Faransa ya zo da mai kama da ita a 1641: ina iya shakkar jikina, ba na iya shakkar cewa ina tunani.

Ramin da ke cikin wannan hujja yana da sauƙin gani in aka ɗaga kai sama. Manomin da ke sammako ya san Gamzaki, tauraron asuba. Yana iya rantsewa bai taɓa danganta shi da Zara matar wata da ke fitowa da magariba ba. Amma duniya ɗaya ce, Zuhura, take bayyana a lokuta biyu. Sanin abu ta fuska ɗaya da jahiltarsa ta wata fuskar labari ne game da mai sanin, bai raba abin gida biyu ba. Mutum mai shawagi yana iya sanin kansa ta ciki, ya jahilci ƙwaƙwalwarsa, kuma ya zamana abu ɗaya ne yake sani yake jahilta. Antoine Arnauld ya yi wa Dekart irin wannan suka tun a shekarar da littafin ya fito. Shi Ibn Sina, a yi masa adalci, faɗakarwa ya kira misalin nasa, hujjojinsa na yanke sun dogara ga wasu abubuwan.

Sukar da ta fi ciwo daga wata gimbiya ta zo. A watan Mayu na 1643 Elisabeth ta Bohemiya ta rubuta wa Dekart tana tambaya: abin da ba shi da tsawo, ba shi da faɗi, ba ya taɓuwa, ta yaya yake tura jiki ya motsa? Tura abu ai sai da haɗuwa. A wasu rubuce-rubucensa Dekart ya nuna wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya ce nan rai ke aikinsa. Wannan ya faɗi wuri ne, bai faɗi yadda ba, kuma yau an san ƙullutun sinadarin da ke daidaita barci yake fitarwa. Har gobe duk mai riƙe da ra'ayin abu biyu bashin amsar gimbiya yana kansa: idan rai ya sa ƙwayar jijiya ta harba saƙo, a ina aka ga harbin da kimiyyar jiki ta kasa bayyana sababinsa?

A nan akwai kuskuren da ɗalibai Musulmi suke yawan yi, su ɗauka imani ya wajabta musu kare Dekart. Bai wajabta ba. Da yawa daga malaman tauhidi sun tafi a kan cewa ruhu jiki ne mai latifi da ke ratsa gaɓoɓi kamar yadda ruwa ke ratsa ɗanyen itace, wanda ya yi hannun riga da abu marar tsawo da faɗi na Dekart. Mai Jauharatut Tauhid, Ibrahim Laƙƙani, cewa ya yi kada a kutsa cikin zancen ruhu tunda nassi bai zo da bayaninsa ba, sannan ya ambaci abin da aka samo daga Malikiyya cewa sura ce kamar ta jiki. Aya ta 85 ta Suratul Isra'i kuma, mai cewa ruhu daga al'amarin Ubangiji yake, kowa ya san ta. Wanda ya tsaya a kan nassi ya tsaya a wuri mai ƙarfi. Wanda ya ari rigar Dekart ya ari har da ƙwarkwatar da ke cikinta.

Ɗaya ɓangaren ma ba su tsira ba. Gilbert Ryle na Okusfod ya ce a 1949 duk matsalar kuskuren rukuni ce, ya ba da misalin baƙon da aka zagaya da shi jami'a. Mu ce an kai shi Samaru, an nuna masa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da ginin majalisar jami'a, da azuzuwa, da ɗakunan kwana, sai ya ce madalla, to ina jami'ar take? Jami'a ba wani gini ba ne na daban, tsarin waɗannan ne. Haka hankali, in ji Ryle, yadda mutum yake aiki ne da abin da yake iya yi. Wannan ya zauna daram a kan wayo da ƙwarewa da sanin ya kamata. A kan ciwon haƙori ne yake zamewa. Mutum yana iya cijewa ya ɓoye ciwon sarai, wani kuma ya yi ta kururuwar ƙarya. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mun kuma san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laibniz na Jamus ya riga ya sa yatsa a wurin tun 1714. Ya ce ka ƙaddara na'ura mai tunani da ji, a faɗaɗa ta har ka shiga ciki kamar yadda ake shiga gidan niƙa. Me za ka gani? Ƙarafa suna tura juna. Ba za ka ga ji ba. Frank Jackson ya sabunta wannan a 1982 da misalin masaniyar da ta san komai na kimiyyar launi amma ta tashi a ɗaki mai fari da baƙi kawai: ranar da ta fara ganin ja, ta ƙaru da wani sani ko ba ta ƙaru ba? Thomas Nagel kuma a 1974 ya ɗauki jemage, ya ce ko mun haddace ƙwaƙwalwarsa ba mu san yadda duniya take gare shi ba. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari yake nufi, masu gane hanya da amsa-kuwwar kukansu. Manyan da ke wa mangwaro ɓarna da ido da hanci suke aiki.

Waɗannan misalai sukan rinjayi ɗalibi a karon farko, sai a karatu na biyu yake ganin inda suke rawa. Duk sun ce "ka ƙaddara", kuma abin da mutum ya iya ƙaddarawa yana bin gwargwadon saninsa ne. Kafin a gane yadda ƙwayar halitta take aiki, masana da dama sun kasa ƙaddara yadda sinadarai marasa rai za su haɗu su ba da tsiro mai girma da haihuwa, suka ce dole akwai wani ƙarfi na musamman. Wannan ra'ayi ya mutu. Daniel Dennett, wanda ya rasu a 2024, ya dage cewa ji na ciki haka zai ƙare, kuma babu mai iya ƙaddara "sanin komai na kimiyyar launi" da gaske, balle ya faɗi abin da zai biyo baya. Shi kansa Jackson daga baya ya janye daga sakamakon hujjarsa. Amsar ɓangaren Chalmers ita ce misalin tsiro bai yi daidai ba: a can ayyuka ake son bayyanawa, girma da haihuwa, a nan kuwa ko an gama bayyana ayyukan tambayar tana nan. A ganina nan ne ainihin mararrabar, kuma ban ga wanda ya ture ɗan'uwansa daga kanta ba. Na dai fi karkata ga cewa gibin na gaske ne a bayaninmu, amma tsallakawa daga "ba mu iya bayyanawa ba" zuwa "abu biyu ne" shi ne kuskuren Zara da Gamzaki a sabuwar riga.

Gwajin Benjamin Libet na 1983 ya cancanci a taɓa shi, don an fi kowane cin zarafinsa a intanet. An sa mutane su kalli ɗigo yana zagaya agogo sau ɗaya cikin sakan 2.56, su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama, sannan su faɗi inda ɗigon yake sa'ad da suka ji niyyar. Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ta nuna alama tana tasowa kimanin kashi 550 cikin 1000 na sakan kafin motsin, niyyar kuwa sai kimanin kashi 200 kafin motsin. Aka yi ta shela cewa ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci, mutum ɗan kallo ne. Amma alamar ba a ganin ta a gwaji ɗaya, sai an tara kusan 40 an jera su daga lokacin motsi an koma baya. A 2012 Aaron Schurger da abokansa suka nuna cewa hawa da saukar da wutar ƙwaƙwalwa ke yi da kanta tana iya haifar da irin wannan alama idan aka tara ta haka. Ban da haka, murɗa hannu ba gaira ba dalili ba shi ne zaɓen wadda za a aura ba.

Inda wannan muhawara take fita daga littafi ta shiga rayuwar mutane shi ne gefen gadon asibiti. A kawo ɗan acaɓa da ya bugu a ka. Ma'aunin da ake amfani da shi a ko'ina shi ne na Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Ana duba abu uku. Ido, maki 1 zuwa 4: ya buɗe da kansa, ko sai an kira shi, ko sai an matsa masa, ko ba ya buɗewa. Magana, 1 zuwa 5: daga wanda ya san sunansa da inda yake, zuwa mai ruɗewa, mai jefo kalmomi, mai nishi kawai, da mai shiru. Motsi, 1 zuwa 6: mafi girma shi ne bin umarni, sai kai hannu inda ake matsawa, sai janyewa, har zuwa babu motsi. Jimla 3 zuwa 15, kuma 8 ko ƙasa da haka rauni ne mai tsanani. Ma'auni ne mai kyau, amma a lura da abin da yake aunawa: farkawa da amsawa. Ji na ciki ba ya cikin lissafin. Shi ya sa yake ɓata idan ido ya kumbura ya rufe, ko an sa bututun numfashi, ko majinyacin kurma ne, ko an ba shi maganin barci, ko an yi masa umarni da harshen da ba ya ji. Tsohon da Fulatanci kaɗai yake ji, in an ce masa ya matse hannu da Turanci, zai rasa makin da ya cancanta.

Akwai kuma wanda jijiyar jinin da ke ciyar da tushen ƙwaƙwalwarsa ta toshe, duk jikinsa ya mutu, ba magana ba motsi, amma yana ji yana gani yana tunani. Abin da yakan rage masa shi ne ɗaga ido sama da ƙasa da ƙiftawa. Wanda bai san ya ce masa "kalli sama" ba zai ɗauka babu kowa a ciki, har a riƙa zancen gado a kansa. Bincike fiye da ɗaya ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa hukuncin sun farka amma ba su san komai ba, an sami alamun sani a tare da su da aka duba da kyau. Duba da kyau yana nufin a maimaita a lokuta daban-daban na yini, a tabbatar maganin barci ya sake shi, a zagaya da madubi gaban fuskarsa a ga ko idonsa zai bi, a sa muryar wanda ya saba da ita. A 2006 Adrian Owen a Kambirij ya sa wata mata 'yar shekara 23 da ba ta amsa komai a cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sannan tana zagaya ɗakunan gidanta. Sassan da suka yi aiki su ne waɗanda ke aiki a kan masu lafiya idan an ba su umarnin. Wani babban bincike da aka buga a 2024 ya sami irin wannan ɓoyayyar amsa ga mutum 60 cikin 241 da ba sa bin umarni a zahiri.

Ɗakin tiyata ya ƙara rarrabe abubuwan. Maganin sa barci daban, na kashe zafi daban, na sakin tsoka daban. Idan na sakin tsoka ya kama, na barci bai kai ba, mutum yana iya farkawa ya kasa ko ɗaga yatsa. Tun 1977 aka fito da dabarar gane haka: a ɗaure dantse da abin awon hawan jini a hura shi sosai kafin a ba da maganin sakin tsoka, don kada ya isa hannun, sannan a riƙa cewa majinyacin ya matse. Wasu suna matsewa, kuma bayan an gama ba sa tuna komai. Maganin barcin da ake kira midazolam yana hana tunawa, don haka "ban tuna ba" ba ya nufin "ban ji ba". Ketamin kuma, wanda asibitocinmu suka san shi sosai, yana barin mutum ba ya amsawa amma ya tashi da labarin mafarkai masu ƙarfi.

Marcello Massimini da abokan aikinsa a Milan sun nemi hanyar da ba ta jiran amsar majinyaci. Ana buga ɓawon ƙwaƙwalwa da bugun maganaɗisu, a naɗi yadda wutar ta amsa, a lissafa sarƙaƙiyar amsar. A barci mai nauyi amsar takan tsaya wuri ɗaya ko ta bazu iri ɗaya, kamar an buga ganga mai fata ɗaya. A farke takan zagaya sassa tana sauya kama. Sun sa iyaka a 0.31, kuma masu ketamin suna faɗawa sama da ita, tare da masu mafarki. Da aka gwada mutum 43 da ake ɗauka ba su san komai ba, 9 sun haura iyakar. Manyan ra'ayoyin kimiyya biyu, na masu cewa ji yana samuwa idan labari ya bazu ga dukkan sassan ƙwaƙwalwa da na Giulio Tononi mai auna haɗewar labari, kowanne yana jawo irin wannan sakamako gefensa. Gwajin da aka shirya don raba su bai ba kowa cikakkiyar nasara ba, kuma a Yunin 2023 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya amsa a bainar jama'a cewa ya sha kaye a cacar da ya yi da Chalmers a 1998, ta cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar ji a ƙwaƙwalwa.

Ita lambar 0.31 daga ina ta fito? An samo ta ne daga mutum 150 waɗanda suka iya faɗa da bakinsu, a lokacin ko bayan sun farka, ko sun ji wani abu ko ba su ji ba. Na'urar da aka ƙera don ta wadatar daga tambaya, da tambaya aka saita ta. Ga babban mutum mai ƙwaƙwalwa irin tamu wannan ba laifi, ana iya ƙiyasi. Ga jaririn da aka haifa bakwaini, ko ragon da ke ɗaure a turke, ƙiyasin yana raguwa gwargwadon nisan kama. Ga manhajar kwamfuta mai hira kuwa abin ya juye gaba ɗaya: tana da amsawa fiye da kima, har tana iya rubuta "ina jin zafi" da Hausa mai kyau, amma daga rubutun mutane ta koyi jimlar, kuma za ta rubuta ta ko akwai ji ko babu. Majinyaciyar Owen ba ta iya cewa uffan amma akwai dalilin zaton tana ciki, manhajar tana zuba kamar kanya amma furucinta kaɗai bai kai matsayin shaida ba, kuma ba ta da ɓawon ƙwaƙwalwar da za a buga da maganaɗisu a saurari amsa.